Yadda na haɗa jirgin sama na rimot daga gutsattsarin katako

Jirgin da na haɗa irin na 'yan koyo ne, wanda fiffikensa ke zaune a saman gangar jiki, tsawon fiffiken daga wannan baki zuwa wancan wajen mita ɗaya da santi 30, na katakon balsa, kuma da batir yake aiki ba da mai ba. Akwai na soso wanda kusan a haɗe yake zuwa, ka ɗaura fiffike ka sa batir shikenan sai fili, kuma gaskiya in tashi kawai mutum yake so ya koya to shi ya fi, don yana jure faɗuwa. Ni dai haɗawar ce take burge ni tun farko, shi ya sa na ɗauki na katako.

Da ka buɗe kwalin ba abin da ya yi kama da jirgi a ciki. Faranti-faranti ne na katako sirara da aka zana wa yanka da leza, kowane gutsire da lambarsa, sai dogayen sanduna, sai wayar ƙarfe ta ƙafafu da tayoyi, sai 'yar leda cike da ƙananan tarkace na roba da sukurori, sai kuma babbar takardar zane a naɗe wadda girman jirgin a cikinta daidai yake da girmansa na gaske. Abin da babu a ciki ma ya fi yawa: ba moto, ba batir, ba rimot, ba sarbo (ƙananan motocin da ke kaɗa sassan fiffike da wutsiya), ba ledar rufi, ko gam babu. Duk wannan kai za ka nema daban, kuma littafin da ke ciki yana faɗa maka girman kowanne, to ka bi shi kawai.

Balsa ɗin nan abin mamaki ne in ba ka taɓa riƙe shi ba, itace ne da ke fitowa a yankin Latin Amurka, mafi yawansa daga Ekwado ake kawo shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, farce kawai ka danna sai ya lotsa. Amma fa ba duka ne nauyi ɗaya ba, faranti biyu masu girma ɗaya ka ɗora a ƙaramin sikeli sai ka ga ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Saboda haka kafin in taɓa gam sai da na zauna na auna sandunan nan, masu nauyi na ware su don gaba, marasa nauyi don wutsiya, na fiffike kuma na haɗa su bibbiyu masu kama da juna don kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. A lokacin kamar ɓata lokaci ne, sai can gaba wajen daidaita nauyi amfaninsa ya fito.

Abu na farko na gaske shi ne teburin aiki, ba jirgin ba. Dole ya zama shimfiɗaɗɗe sumul ba kumburi ba lotsawa, don duk karkatar da ke jikin tebur sai ta shiga jikin fiffike. Na sa doguwar rula ta ƙarfe a tsaye na duba ko haske na wucewa ta ƙasa, sannan na shimfiɗa allo mai laushi wanda fil zai iya shiga, na baza takardar zanen a kai, na rufe ta da siririyar leda don kada gam ya manne katako da takarda. A kan zanen ake gini kai tsaye, kowane gutsire ka ɗora shi a kan layinsa ka kafe da fil. Siraran sanduna ba a huda su, tsagewa suke yi, sai dai ka gicciya fil biyu a kansu su danne.

Da wutsiya na fara don ita ce mai sauƙi, sanduna ne kawai a kwance, hannu ya saba da reza da gam. Gefen da leza ta yanka yana da baƙin ƙuna-ƙuna, ka ɗan goga samfefa kaɗan gam ya fi kamawa, amma kaɗan fa, in ka zurfafa ka canza siffar abin.

Gam uku na yi amfani da su kuma kowanne da wurinsa. Sufa gulu mai ruwa-ruwa, wanda za ka haɗa katako biyu tukuna sannan ka ɗiga a mahaɗar ya tsotse da kansa, nan take ya kama, har wani ɗan hayaƙi yake yi mai yaji a ido da hanci don haka taga a buɗe. Sai farin gam na kafintoci, shi yana jan lokaci amma yana ba ka damar gyara zama kuma samfefa na cinsa da sauƙi. Sai efoksi mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, shi kuma wurin da ke ɗaukar wahala kawai, mazaunin moto da mahaɗar fiffike biyu da wurin ƙafafu. Efoksi nauyi gare shi, mutum ya ga yana da ƙarfi sai ya ji kamar ya shafa ko'ina, a'a, musamman daga tsakiyar jirgi zuwa baya.

Fiffike shi ne inda aikin yake. Akwai doguwar sanda da ke tafiya daga tushe har baki, ita ce ƙashin bayansa, sai haƙarƙari da ake jerawa a kanta, kowanne da siffar nan ta sama a lanƙwashe ƙasa a miƙe wadda ke taimaka wa iska ta ɗaga jirgi. Kowane haƙarƙari sai na jingina masa sukwaya na tabbatar a tsaye yake cak kafin in ɗiga gam, in ban da na tushe, shi da gangan ake ɗan kwantar da shi, har da ɗan ma'auni na katako suka sako a kwalin don wannan kusurwar. Dalili shi ne idan aka haɗa ɓangarorin biyu bakunan fiffiken suna ɗan ɗagawa sama kamar harafin V mai faɗi sosai, kuma wannan ɗagawar ce ke sa jirgi in ya karkata ya nemi komawa daidai da kansa, abin da ɗan koyo ke buƙata kenan. Ƙashin bayan nan sanda biyu ne, ta sama da ta ƙasa, a tsakaninsu akwai wasu 'yan falle da ake liƙawa a tsaye, su kuma a kula jijiyar katakon ta tafi sama da ƙasa ba a kwance ba, in aka juya ta amfaninsu ya ragu sosai. Kafin a liƙa su za ka iya murɗa fiffiken da hannu, bayan an liƙa sai ka ji ya ƙage. Wannan na nufin duk yadda yake a lokacin haka zai zauna har abada, shi ya sa ban cire ko fil ɗaya ba sai da komai ya bushe. Wani abu kuma da littafin ya rubuta da manyan baƙaƙe, ka tabbatar ɗaya na dama ka gina ɗaya na hagu, da alama mutane da yawa sun gina na dama guda biyu.

Ɗaya daga cikin dogayen sandunan a lanƙwashe ta zo daga kamfanin, ta yi baka. Na jiƙa ta da ruwa na kafe ta a jikin rula ta kwana, ta miƙe.

Gangar jiki ba ta ba ni wahala ba, bango biyu ne da 'yan katangu a tsakani, haƙoransu na shiga juna. Abin da ya tsayar da ni shi ne katangar gaba inda moto ke zama, da na haɗa sai na ga a karkace take, tana kallon ƙasa kaɗan tana kallon dama kaɗan, wajen digiri biyu zuwa uku, na ɗauka yankan ne ya baude sai da na koma zanen na ga haka aka yi ta. Juyin farfela yana jan jirgi hagu, fiffiken sama kuma yana sa shi ɗaga hanci in an ƙara wuta, to karkatar nan ce ke rage duka biyun. Wajen manna wutsiya kuma zare na ɗauka, na ɗaura fiffike a mazauninsa, na auna daga bakin fiffike na dama zuwa ƙarshen jiki, na auna na hagu, sai da suka zo ɗaya, sannan na koma baya na tsuguna na leƙa ta wutsiya in ga ta yi layi ɗaya da fiffike. Ido yana yaudara a nan, zaren ba ya yi.

Sai samfefa, ita kam ba abin faɗa, ka naɗe ta a jikin katako mai faɗi ka yi ta gugar har ka gaji, ƙura kamar me, a sa takunkumi.

Rufi da leda shi ne ya fi ba ni daɗi. Leda ce ta musamman mai gam a bayanta wanda zafi ke tayarwa, tana da wata siririyar leda a kan gam ɗin da ake ɓarewa tukuna. Da ɗan ƙaramin dutsen guga ake yi, na sa masa safa ta auduga don kada ya karce. Ana farawa da ƙasa sannan sama don bakin ledar ya kwanta ta inda iska ba za ta ɓare shi ba. Da zafi kaɗan ka ɗan ɗosa a kusurwoyi kana ja, sai ka bi gefe-gefe ka manne duka, a lokacin duk ta yi yamutsa-yamutsa ka ce ka ɓata, sai ka ƙara zafi ka bi tsakiya a hankali, kana kallo tamoji na ɓacewa ledar na ɗamewa har in ka ƙwanƙwasa da yatsa ta yi ƙara kamar ganga. Sai dai ledar nan tana da ƙarfin ja, in ka ɗame sama gaba ɗaya ka bar ƙasa za ta murɗe maka fiffiken da ka sha wahala a kai, don haka kaɗan nan kaɗan can. Sama na yi fari da ja, ƙasa na yi baƙi-baƙi mai duhu, ba don ado ba, a sama can nesa launin ne kawai zai gaya maka cikinsa kake gani ko bayansa.

Kayan wuta da nake ta jin tsoro ashe su ne masu sauƙi. Moto irin wanda ba shi da burushi, mai waya uku, an rubuta 1000KV a jikinsa, ma'ana kowane bolt ɗaya yana ba shi juyi dubu a minti in ba farfela. Batirin LiPo mai sel uku, bolt 11.1, 2200mAh. Tsakaninsu akwai ESC na amfiya 30, shi ke sarrafa gudun moto kuma shi ke rage wuta zuwa bolt 5 ya ba risiba, wato 'yar na'urar da ke karɓar saƙon rimot, da sarbo, don haka ba sai an sa wani batir daban ba. Sarbo ƙanana masu giram 9, biyu a fiffike na eleron, wato fallen bayan fiffike da ke karkatar da jirgi dama ko hagu, ɗaya na elebeta, fallen wutsiya mai ɗaga hanci ko sauke shi, ɗaya na roda, fallen wutsiya na tsaye mai juya hanci gefe. Rimot na 2.4GHz. Farfela 10x5, lambar farko tsawonta ne a inci, ta biyu kuma nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya, kuma gefen da aka buga lambar shi ke kallon gaba. Soda kaɗan ce, filogin XT60 na batir da 'yan kawunan wayoyin moto, a sa robar nan mai tsukewa da zafi a rufe kowanne. Ja da baƙi a duba sau biyu, in aka juya su ESC ya tafi nan take.

Duk gwajin da na yi a kan tebur ba farfela na yi shi. Wannan ba wasa ba ne, moton lantarki ba ya gargaɗi, hannun riga kawai ya taɓa sandar wuta ta rimot ya tashi da cikakken ƙarfi, farfelar nan kuma tana yanka har ƙashi. Na haɗa rimot da risiba suka san juna, na koya wa ESC iyakar sandar wuta sama da ƙasa yana ta 'yan ƙararrakinsa, moto ya juya ta baya, na sauya wayoyi biyu cikin ukun ya dawo daidai, kowanne biyu ka sauya ya yi. Sarbo kuma sai an ba shi wuta ya tsaya a tsakiyarsa kafin a ɗaura masa hannu, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya tafiya. Sannan duba alkibla, ka tsaya a bayan jirgi: sanda dama, eleron na dama ya tashi na hagu ya sauka, ka jawo sanda wajenka, elebeta ya tashi, roda dama, ya kaɗa dama. Rimot ɗina irin wanda wuta da roda ke hannun hagu ne, eleron da elebeta a dama. Na kuma saita yadda in sigina ta yanke moto zai mutu da kansa, na gwada ta hanyar kashe rimot ɗin ina kallo. Da na sa farfela daga ƙarshe na ɗaure jirgin na sa mitar auna wuta, cikakkiyar wuta tana jan wajen amfiya 18, kusan wat 200 kenan a kan jirgin da bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, ya isa har da saura, kuma ESC bai kusa iyakarsa ba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne jirgin gaba ɗaya, wurin daidaiton nauyi. A zanen akwai wata 'yar alama mai da'ira a ƙarƙashin fiffike, yawanci tana faɗawa tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga bakinsa na gaba zuwa na baya, a nawa wajen santi 6 da rabi daga bakin gaba, kusan kan ƙashin bayan nan. Ka haɗa komai har batir, ka sa yatsa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin fiffike a kan alamar ka ɗaga. Ana so ya tsaya a miƙe ko hanci ya ɗan sunkuya. In hanci ya yi nauyi jirgi zai tashi, sai dai ya yi ta neman ƙasa kuma ya sauka da gudu. In wutsiya ce ta yi nauyi kuwa ba ya jin magana sam, ka taɓa kaɗan ya ɗaga kai ya tsaya a iska ya kife, ko gwani ne da ƙyar ya dawo da shi. Nawa da na ɗaga wutsiya ta ɗan sauka duk da zaɓen katakon da na yi. Lissafin kuma ba ya tausayi, daga alamar zuwa wutsiya ya kai ninki uku na daga alamar zuwa hanci, wato giram 10 na banza a baya sai ka biya shi da giram 30 a gaba. Ban so in sa dalma ba don mataccen nauyi ne, sai na tura batir gaba har ya kusa taɓa katangar moto, na matsar da ESC da risiba su ma, ya zo daidai. Na ja layi da biro a inda batir ya tsaya na sa masa madauri mai ƙarfi, don batir in ya zame baya a sama duk wannan aikin ya tashi a banza. Sai daidaiton gefe da gefe, a riƙe ta hancin moto da wutsiya a ga wane fiffike ke faɗuwa, na hagu ya ɗan fi nauyi, 'yar ƙaramar kusa a bakin na dama ta raba gardama.

Batirin LiPo shi ma yana da dokokinsa. Caja mai daidaita sel ake amfani da ita, kowane sel ya cika a 4.2, duka 12.6, ina caji a amfiya 2.2, a cikin jakar da ba ta cin wuta, a kan siminti, kuma ba na barinsa in fita. In za a ajiye shi a sauke zuwa 3.8 kowane sel. Wanda ya kumbura an gama da shi.

Tun ina gini nake wasa da similato, wato manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, a kwamfuta da rimot ɗin nan nawa, a can na yi ta faɗuwa kyauta. Kafin fita kuma a duba dokar ƙasar da mutum yake, wurare da yawa iyakar tsayi mita 120 ce, wasu sai an yi rajista in jirgi ya wuce giram 250, ko'ina kuma ba a zuwa kusa da filin jirgi ko saman mutane.

Tashin farko ba ni na yi ba. Akwai wani dattijo da ya daɗe a harkar, na kai masa na ce Baba a duba min. Bai ko kalli launin ba, ya ɗaga shi a yatsu biyu, ya ja kowane eleron da elebeta da ɗan ƙarfi ya ji ko maƙalarsu za ta zare, ya rufe ido ɗaya ya leƙa fiffiken ta baya, ya ce "yaro, fiffikenka a miƙe yake, sauran mai sauƙi ne." Ya sa na rage tafiyar sarbo a rimot, ya ce yawan kaɗawa ba na ɗan koyo ba ne. Muka yi gwajin nisa, ya riƙe jirgi na yi ta ja da baya da rimot a yanayin ƙaramin ƙarfi ina motsa sanduna yana ɗaga min hannu. Da sassafe ne iska ba ta tashi ba, ɗan abin da ke kaɗawa muka fuskance shi, don da iska a fuska ake tashi kuma da ita ake sauka.

Ya ƙara wuta a hankali, jirgin ya gudu a ƙasa kamar taku ashirin, wutsiya ta yi sauƙi, sai kawai ya rabu da ƙasa. Wallahi ƙafafuna rawa suke. Yana ɗan kwantawa hagu, Baba ya danna maɓallin gyara 'yan ƙyas-ƙyas zuwa dama, ya ɗan sauke hanci, sannan ya saki sandunan gaba ɗaya ya nuna min tafin hannunsa, jirgin na tafiya abinsa a rabin wuta. Ya kai shi can sama ya kashe moto ya ja elebeta a hankali don ya ga yadda zai yi in gudu ya ƙare, sai ya ɗan sunkuyar da kai ya ci gaba, bai faɗi ta gefe ba. Ya ce nauyin ya zauna.

Sannan ya miƙo min rimot yana tsaye a kafaɗata. Abin da similato bai gama koya min ba shi ne lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarka, damansa ta zama hagunka, hannu ya rikice. Baba ya ce "ka tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa, kamar za ka tokare shi," kuma haka ne, yana aiki. Na yi 'yan zagaye masu faɗi, kullum yana cewa a hankali, sassauta, kar ka bari ya wuce bayanmu. Da agogon rimot mai ƙirga lokacin tashi ya yi ƙara ya karɓa ya sauke shi, ya rage wuta tun daga nesa ya bar shi yana zubowa, dab da ƙasa ya ɗan ja, tayoyi suka taɓa ya yi ɗan tsalle ɗaya ya tsaya.

Na cire batir tukuna kafin komai, na taɓa moto da ESC ɗumi kawai ba zafi ba, na sa ma'auni sel ɗin suna 3.8, wato akwai sauran 'yan mintuna da zan iya ƙarawa a agogo. A gida na duba inda eleron da elebeta suka tsaya bayan gyaran da Baba ya yi a sama, na murɗa kawunan sandunan da ke tura su daga sarbo har suka riƙe wannan matsayin da kansu, na mayar da gyaran rimot sifili. Wayar ƙafar hagu ta ɗan buɗe na lanƙwasa ta da filaya, ledar ƙasan fiffike kuma ta saki a wuri ɗaya saboda rana, na bi ta da dutsen guga. Saukarwa ce ban fara ba tukuna, Baba ya ce sai na iya jera jirgin a kan layin fili daga ɓangarorin biyu ba tare da ya yi magana ba sannan zai bar ni in kawo shi ƙasa.